Yanke wutsiyar likau kafin a tura shi: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa likau ɗin da na kwafo yake da tsawo haka?

Domin an liƙa masa wutsiya. Adireshin shafi na ainihi yakan ƙare kafin alamar tambaya (?). Abin da ya biyo bayanta ƙarin bayani ne da aka jera bi da bi, kowanne da suna, sai alamar =, sai lambarsa, ana raba su da alamar &. Wasu daga cikinsu shafin yana buƙatarsu, amma da yawa aikinsu kawai su gaya wa kamfani daga ina mai buɗewa ya fito.

Waɗanne ne na bibiya?

Duk wanda ya fara da utm_, kamar utm_source, utm_medium da utm_campaign. Sun samo asali daga kamfanin Urchin da Google ya saya a 2005, kuma su ne mafi sauƙin illa, don sukan nuna hanya ce kawai: daga Facebook aka zo, ko daga imel. Waɗanda suka fi cancantar kulawa su ne masu lamba ta musamman: fbclid da Facebook ya fara liƙawa a 2018, gclid na tallan Google, igsh ko igshid na Instagram, si na YouTube da Spotify, da mc_eid da ke zuwa cikin wasiƙun imel na talla, wanda yake nuna ainihin wanda aka aika wa wasiƙar.

To in an bar su, me zai faru?

Ɗauki ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da ya latsa maɓallin rabawa a YouTube, ya jefa bidiyon lacca cikin zauren WhatsApp na ajinsu. An ƙirƙiri lambar si ne a daidai lokacin da ya latsa, don haka duk wanda ya buɗe, kamfanin yana iya danganta shi da wannan turawar. In wani ya sake tura shi zauren 'yan uwa a Tudun Wada ko cikin Birni, lambar tana biye. Ba za a sace maka kuɗi ta wannan hanya ba, amma kana ba da bayanin wa ka sani, wa yake buɗe abin da ka turo, ba tare da izinin waɗannan mutane ba. A ganinmu wannan kaɗai ya isa dalili.

Yaya ake cirewa a waya?

Kwafi likau ɗin, ka liƙa shi a wurin rubuta saƙo, kada ka tura tukuna. Nemo alamar ?, ka goge daga ita zuwa ƙarshe. Sai ka kwafi abin da ya rage, ka buɗe shi a sabon shafi na burauza. In shafin da kake nufi ya fito, tura. Kada ka tsallake gwajin nan.

Me ya sa wani lokaci likau yakan mutu bayan an yanke?

An yanke har da abin da shafin yake dogara a kai. A adireshin YouTube mai watch?v=, haruffa 11 da ke bayan v= su ne sunan bidiyon; in sun tafi, bidiyo ya tafi. Haka t= yake riƙe daƙiƙar da kake so a fara kallo, pwd= a likau ɗin taron Zoom kuma shi ne makullin shiga. A irin wannan, cire guda ɗaya kawai: daga alamar & da ta zo kafin mai bibiyar zuwa & ta gaba, amma ka bar ita ta biyun a wurinta. In mai bibiyar ne na farko bayan ?, bar alamar ? a wurinta, ka goge shi tare da & da ke binsa, in ba haka ba adireshin zai lalace.

Gajeren likau fa, irin na TikTok?

Nan ne aka fi ruɗuwa. Likau irin vm.tiktok.com ko facebook.com/share ba shi da wutsiyar da za a gani, lambar tana cikin jikinsa. Buɗe shi a burauza, jira ya rikiɗa ya koma cikakken adireshi, sannan ka yanke wancan. Mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari da ke tura bidiyon kaya ga kwastomomi kullum, wannan matakin ya fi shafarsa.

Babu abin da zai yi mini aikin da kansa?

Akwai. Burauzar Firefox tun fitowa ta 120 a 2023 tana da zaɓin kwafar likau ba tare da bibiya ba in ka danna maɓallin dama na linzami a kwamfuta, burauzar Brave ma haka. A iPhone, tun iOS 17 manhajojin Messages da Mail suna cire wasu. Dukkansu suna aiki da jerin sunayen da suka sani, sabon suna yakan wuce su, saboda haka duba da idonka kafin ka tura. Likau na sauya kalmar sirri ko na shiga asusu kuwa, yanke shi ba ya mayar da shi abin rabawa. Kada a tura wa kowa.