Zaɓen fidda gwani idan ya ja lokaci: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Daga teburin mai shayi a titin Bauchi har majalisarmu ta bayan la'asar a nan Jos, tambayoyin nan dai ake ta jefo mini. Ga su a rubuce, a bar ni in sha shayina da zafinsa.

Malam, mene ne zaɓen fidda gwani?

Jam'iyya ce ke zaɓar wanda zai riƙe mata tuta. Shi ke nan.

Me ya sa na Amurka ke cin watanni?

Jiha-jiha suke yi. Mu kuwa a 2022 daliget, wato wakilan jam'iyya, aka tara wuri guda, aka kwana ana ƙirge.

Ai jan lokacin ne ke raba kan jam'iyya, ko?

Wannan ce ta fi ƙona mini rai. A 2008 Obama da Hillary Clinton sun fara karawa ranar 3 ga Janairu, ba ta janye ba sai 7 ga Yuni. Wata biyar ana tonon silili. Amma ta fito ta yi masa yaƙin neman zaɓe, ya ci, ya ba ta sakatariyar harkokin waje. To ku dubi PDP. Dare ɗaya tal, 28 ga Mayu 2022, a filin wasa na Abuja: Tambuwal ya janye, Atiku ya samu ƙuri'a 371, Wike 237. Aka ɗauki Okowa mataimaki, Ayu ya ƙi sauka daga shugabancin jam'iyya, gwamnoni biyar suka juya baya. Wike ya ƙare ministan Abuja a gwamnatin APC. Wane jan lokaci aka yi a nan? Yadda aka yi da wanda ya faɗi ne ya ɓata tafiyar.

Amma a Amurka Sanata Ted Kennedy ya ja Shugaba Carter har babban taron jam'iyyarsu a 1980, Carter ya faɗi babban zaɓe.

Haka ne. Ka kuma tuna da tsadar rayuwa da Amurkawan da aka tsare a Tehran. Kada ka ɗora wa mutum ɗaya kayan raƙumi.

An taɓa irin wannan a Jos?

Kai, ɗan Jos da wannan tambaya! A 1993 a garin nan SDP ta yi taronta, Atiku ya janye wa Abiola, Abiola ya juyo ya ɗauki Kingibe, abokin karawarsa, mataimaki. Kuma sai da Babangida ya soke zaɓen fidda gwanin 1992, ya haramta wa 'yan takara 23 tsayawa, kafin a kai nan.

Yaya, uban gidana ya sha kaye yana shirin sauya sheƙa. In bi shi ko in zauna?

Kwantar da hankalinka, ƙanena, amma ba ni da amsa guda. Ya danganta. In kai da shi amana ce ta shekaru, shi ya ɗauke ka aiki, mutanen mazaɓarka sun san ka da shi, zamanka a baya ba lallai ya amfane ka ba, don sababbin masu tuta da wuya su yarda da kai. In kuwa kujerar kansila kake hange, kuma jam'iyyar ce ke da ƙarfi a unguwarku, ka yi tunani sau biyu. Manya kan shirya a Abuja cikin dare, su bar yara da gabar da suka ƙulla a Facebook. Wataƙila ka jira ka ga ko an aiko masa 'yan sulhu, da abin da aka yi masa tayi. Peter Obi ya bar PDP kwanaki kaɗan kafin zaɓen fidda gwanin 2022, ya ci Filato da Abuja a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, amma kai ba Obi ba ne, uban gidanka ma wataƙila ba shi ba ne. Abu ɗaya da zan hana ka shi ne zagon ƙasa: kati a aljihu, ƙuri'a a wani gida. In asiri ya tonu, kai za a fara kora.

Maslaha, wato a daidaita kan ɗan takara ɗaya ba tare da karawa ba, ba ta fi ba?

In da yardar kowa. In dole ce, sunanta dole.

To wa zai ci zaɓe mai zuwa?

Ni ba boka ba ne.