Ping (manhajar gwada sadarwar kwamfuta)

Ping wata 'yar ƙaramar manhaja ce da masu kula da netwok ke amfani da ita su gane ko wata kwamfuta ko saba (kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) tana raye a kan layi, da kuma tsawon lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. Kusan ba kwamfutar da ba ta zuwa da ita, Windows ne ko Linux ko macOS, kuma galibi ita ake fara bugawa in netwok ya tsaya kafin a je ga manyan kayan aiki irin su Wireshark ko Nagios.

Tarihi

Wani injiniya Ba'amurke mai suna Mike Muuss ne ya rubuta ta a watan Disamban 1983, lokacin yana aiki a ɗakin binciken makamai na sojan Amurka da ake kira BRL, a Aberdeen ta jihar Maryland. Yadda shi da kansa ya bada labari, tun a watan Yulin shekarar ya ji wani masanin netwok mai suna Dave Mills yana zancen auna jinkirin saƙo a wani taron DARPA (hukumar binciken tsaro ta Amurka) da aka yi a ƙasar Norway, sai abin ya zauna masa a rai. Da netwok ɗin wajen aikinsu ya fara wasu halaye da ba a gane kansu ba sai ya tuna, ya zauna a dare ɗaya ya rubuta abin, layi kusan 1,000, har sai da ya taɓa cikin tsarin Unix ɗin kansa (babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar) don a lokacin ba ya bada damar aika irin wannan saƙon kai tsaye. Abin dariyar shi ne kafin ya gama ya aika ping ɗin farko, wani abokin aikinsa ya riga ya gano matsalar ya gyara.

Bai sa mata kuɗi ba, ya sake ta kowa ya ɗauka, daga nan ta shiga Unix na jami'ar Berkeley, ta nan ta bazu ko'ina. Muuss dai babban aikinsa shi ne manhajar zane ta BRL-CAD, amma da wannan aikin na dare ɗaya aka fi saninsa, har ya taɓa cewa da ya san haka za ta kasance da ya ƙara mata kwana ɗaya ko biyu. Ya rasu a hatsarin mota a watan Nuwamban 2000 yana da shekara 42.

Suna

Daga ƙarar na'urar sona ta jiragen ƙarƙashin ruwa ya ɗauko sunan, wadda ke sakin sauti ta saurari amsa-kuwwa. Wasu na cewa wai taƙaitawar wasu kalmomi ne, shi dai mai abin ya ce daga baya aka laƙa mata wannan.

Yadda take aiki

Tana amfani da wata ƙa'idar aika saƙo tsakanin kwamfutoci mai suna ICMP wadda Jon Postel ya fitar a takardar RFC 792 a 1981. Kwamfutarka za ta tura ɗan ƙunshin tambaya mai lamba 8, wancan ɓangaren in yana nan ya maido amsa mai lamba 0, kamar dai ka yi sallama a ƙofar gida ka jira a amsa. In ka buga ping 8.8.8.8 (adireshin wata saba ne) a Windows, sau 4 za ta aika, kowanne bayit 32, sai ta jero maka lokacin kowanne da milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na sakan) sannan ta faɗi nawa suka ɓata a hanya. A Linux kuwa ba ta tsayawa sai ka danna Ctrl da C. Layin da ke bi ta tauraron ɗan adam mai nisan kilomita kusan 36,000 yakan nuna wajen milisakan 600, komai kyansa, don tafiyar ce da nisa.

Shiru ba lallai yana nufin sabar ta mutu ba, da yawa ana toshe ICMP ne da gangan.

Traceroute

Traceroute ƙanwar ping ce, Van Jacobson ya rubuta ta wajen 1987. Kowane ƙunshi yana ɗauke da wata lamba da ake kira TTL, duk rautar da ya ratsa, wato na'urar da ke miƙa saƙo gaba a hanya, sai ta rage ɗaya, in ta kai sifili rautar ta yar da shi ta aiko da sanarwa. To shi Jacobson sai ya fara aikawa da 1, sannan 2, sannan 3, a haka kowace rauta a hanya take tona kanta ɗaya bayan ɗaya har a ga inda saƙon ke maƙalewa. A Windows sunanta tracert.

Tsaro

A wajajen 1996 zuwa 1997 an yi fama da harin da ake wa laƙabi da ping na mutuwa, inda ake aika ƙunshin da ya wuce bayit 65,535 a gutsuttsure, in kwamfutar ta zo haɗa shi sai ta sandare. An toshe wannan kafar tuntuni. Ko toshe ICMP gaba ɗaya yana ƙara tsaro, masana ba su haɗu a kai ba.

A yau

Masu wasan gem na intanet sun ari kalmar, in suka ce ping ya hau suna nufin layi ya yi nauyi.