Fara karatu da Hausa ba ya hana yaro iya Turanci

A Bauchi da Gombe mun daɗe muna jin iyaye na cewa in aka fara koya wa yaro karatu da Hausa, Turanci zai gagare shi. Son ci gaban 'ya'yansu ne ya sa, amma ba haka abin yake ba.

Haɗa baƙi sau ɗaya ake koyonsa, kuma ya fi zama a harshen da yaro ke ji. Da shi zai shiga Turanci. A Ile-Ife, daga 1970, an koyar da wasu 'yan firamare shekara 6 da Yarbanci, Turanci kuwa darasi ne kawai, kuma takwarorinsu da aka koma koyar da su da Turanci ba su fi su Turancin ba.

Ku gwada a gida ko yaro na fahimtar abin da yake karantawa: ya karanta gajeren labari, a rufe littafin, ya faɗi abin da ya faru. In hadda yake yi, za ku gane.

Don Allah a tura wa sauran iyaye.