Haɗin gwiwar ejan da makarantun ƙetare: wa doka ta ɗora wa alhakin me?

A Kaduna yanzu, da wuya mutum ya bi titin Ahmadu Bello ko ya ratsa Unguwar Rimi da Barnawa bai ga allon wani ofishi da ke alƙawarin sama wa yara gurbin karatu a Ingila, Kanada, Masar ko Indiya ba. Wasu makarantun kuɗi ma sukan sanar da iyaye cewa sun ƙulla haɗin gwiwa da irin waɗannan kamfanoni domin ɗalibansu masu kammala sakandare. Iyaye da yawa na jin wannan sai hankalinsu ya kwanta, alhali ba su san abin da aka ƙulla ba, ba su kuma san wanda zai ɗauki asara idan al'amari ya lalace ba.

Tushen wannan harka yarjejeniya ce tsakanin makarantar waje da ejan, wato kamfanin da ke nema wa ɗalibai gurbi, kuma uba ko ɗalibi ba ya cikin waɗanda suka sa mata hannu. Makaranta tana ba ejan izinin tallata ta da tattara takardun masu neman shiga, idan ɗalibi ya isa ya yi rajista kuma ta biya shi kamasho, wanda galibi wani kaso ne na kuɗin makarantar shekarar farko. Wannan ba laifi ba ne, sana'a ce halattacciya, kuma akwai ejan masu amana da suka rage wa iyalai wahala sosai. Sai dai ya kamata uba ya riƙe a ransa cewa dillali ne yake magana da shi, kuma mai kaya ne yake sallamar dillalin. Idan ejan ya dage a kan jami'a guda ya ƙi ambaton wasu, tambayar da ta dace ita ce: da waɗanne makarantu kake da yarjejeniya, kuma wa yake biyan ka?

Wasu ƙasashen da ke karɓar ɗalibai sun ɗora wa makarantunsu nauyin sa ido a kan ejan. Ostireliya ce ta fi fayyace wannan. Dokarta ta shekarar 2000 kan hidimar ilimi ga ɗaliban ƙetare, tare da ƙa'idojin da aka sabunta a 2018, ta wajabta wa kowace makaranta ta yi rubutacciyar yarjejeniya da duk ejan da ke wakiltarta, ta wallafa sunayensu a shafinta na intanet, ta kuma ɗauki mataki, har da yanke hulɗa, idan ejan ya yaudari ɗalibi. A Birtaniya akwai tsarin tantance ingancin ejan da jami'o'i suka kafa tare da British Council, hukumar Birtaniya ta ilimi da al'adu, wadda ke horar da ejan tana kuma wallafa sunayen waɗanda suka kammala horon. Amfanin wannan ga mai zama a Tudun Wada ko Kawo shi ne cewa ba sai ya dogara da takardar da aka rataye a bangon ofis ba. Zai iya buɗe shafin jami'ar da kansa ya duba jerin wakilanta a Najeriya, ko ya aika wa ofishin ɗaliban ƙetare wasiƙa ya tambaya. Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, kuwa tana nuna cewa kamfanin yana nan a hukumance ne kawai, ba ta tabbatar da cewa wata jami'a ta san da shi ba.

Akwai abu biyu da babu yarjejeniyar da za ta ba ejan iko a kansu: bayar da gurbi da bayar da biza. Gurbi na makaranta ne, biza ta gwamnati ce. A Birtaniya, makarantar da ke da lasisin ɗaukar ɗaliban ƙetare ce kaɗai ke fitar da lambar CAS ta tabbatar da gurbi, wadda ba a neman biza sai da ita, kuma gwamnati tana wallafa jerin masu lasisin. A Amurka makamanciyarta ita ce takardar I-20, daga makarantar da hukuma ta amince da ita. Kanada kuwa, bayan an gano a 2023 cewa ɗalibai da dama daga Indiya sun shiga ƙasar da takardun gurbi na bogi da ejan ya ba su, ta wajabta wa makarantu tun daga Disambar shekarar su tabbatar wa hukumar shige da fice da kowace takardar gurbi kai tsaye. Saboda haka duk wanda ya ce biza tabbas ce a hannunsa, ya faɗi abin da ba shi da ikon cikawa.

Wurin da ya fi damuna shi ne batun takardun ƙarya, domin a nan ne yaran da ba su ji ba ba su gani ba suke ƙonewa. Birtaniya tana bukatar a nuna cewa kuɗin makaranta da na zama sun kwana 28 a jere a cikin asusu. Idan iyali ba su da su, wasu ejan sukan ce a bar musu, za su shirya takardar banki. To, sunan ɗalibi ne a kan takardar neman biza, kuma shi ne ya amince cewa abin da ke ciki gaskiya ne. Idan asiri ya tonu, Birtaniya tana iya hana shi shiga har shekara 10, Kanada kuma shekara 5, yayin da ejan zai ci gaba da harkarsa da wasu yaran. Kada ɗalibi ya yarda a aika wata takarda da sunansa bai karanta ta ba, kuma adireshin imel ɗin da jami'a za ta riƙa tuntuɓa ya zama nasa, shi ke riƙe da lambar sirrinsa.

Makarantunmu na gida da ke gayyatar ejan su ma suna da nasu nauyin. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta tanadi neman yardar uba ko mai riƙo a inda ake bukatar izini don amfani da bayanan yaro, saboda haka bai dace makaranta ta miƙa sakamakon jarrabawa, hoton fasfo da lambar wayar iyaye ga wani kamfani ba tare da sanin su ba. A ganina kuma, mai makarantar da ke samun wani kaso a kan kowane ɗalibin da ya tafi ya kamata ya faɗa a taron iyaye da malamai, domin amanar makaranta ce ta sa iyaye suka saurari ejan tun farko.

Sai batun dawowa gida, wanda ake mantawa da shi saboda ɗokin tafiya. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke tantance takardun digirin waje, kuma sai da tantancewar ake zuwa hidimar ƙasa. A Janairun 2024 ma'aikatar ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya nuna yadda ya sami digiri daga Kwatano cikin mako shida. Wanda ya karanta likitanci a waje kuma sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta MDCN kafin ya duba marar lafiya a Asibitin Barau Dikko ko a Shika. Yarjejeniyar ejan da makaranta ba ta ɗaure waɗannan hukumomi da komai ba, don haka a tambaye su matsayin makarantar kafin a biya kuɗi.

Kuɗin makaranta a tura shi asusun da jami'a ta bayar a takardarta, ladan ejan kuma a rubuta shi daban da rasit, tare da bayanin abin da za a mayar idan an hana biza. A yi lissafin dukan shekarun karatu, domin faɗuwar darajar naira tun 2023 ta sa wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside ta Birtaniya sun kasa biyan kuɗi a 2024 har aka dakatar da karatunsu. Idan ejan ya karɓi kuɗi bai yi aikin ba, ana kai ƙorafi ga hukumar kare masu sayen kaya da hidima ta FCCPC, idan damfara ce kuma ga 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kaduna, sannan a rubuta wa jami'ar da ya ce yana wakilta, a haɗa da kwafin rasit da saƙonnin da aka yi musaya.