Dabarun Karatun Fiziks

Dabarun karatun fiziks su ne hanyoyin da ɗalibi ke bi don ya fahimci darasin, ya riƙe shi, ya kuma iya amsa tambayar da bai taɓa gani ba. Fiziks ilimi ne na motsi, ƙarfi, zafi, haske, sauti da lantarki. A Najeriya ana fara koyar da shi a matsayin darasi mai zaman kansa daga aji ɗaya na babbar sakandare, kuma ɗaliban kimiyya na rubuta shi a jarrabawar WAEC, NECO da JAMB. A Sakkwato ana zurfafa shi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975.

Hadda da muraja'a

Yawancin ɗaliban Sakkwato sukan shigo aji da gogewar hadda tun daga makarantar allo. Baiwa ce, amma ita kaɗai ba ta fid da mutum a fiziks. Yaro zai zubo dokokin motsi uku na masanin kimiyya Isaac Newton, waɗanda aka wallafa a 1687, babu gargada. A tambaye shi me ya sa fasinja ke hantsilawa gaba idan ɗan kabu-kabu ya taka birki, sai ya yi tsuru-tsuru, alhali dokar farko ce ke aiki, wadda ta ce abu mai tafiya yakan ci gaba da tafiya har sai wani ƙarfi ya tare shi.

Abin da ya fi cancanta a aro daga makarantar allo shi ne muraja'a. A 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, sannan ta lafa, kuma maimaici jefi-jefi yana rage ta. Saboda haka gara a duba darasi a daren ranar da aka koya shi, a sake bayan kwana biyu, a kuma bayan mako, da a tara shi sai daren jarrabawa. Muraja'ar kuwa littafi a rufe ake yin ta, kamar yadda mahaddaci ke kife allo ya karanto.

Warware tambaya

Nan ne gundarin aikin. Ana fara da zana hoton abin da tambaya ke faɗi, a jera abin da aka bayar da abin da ake nema, sannan a zaɓi fomula. Kafin a taɓa kalkuleta sai a daidaita ma'auni: babur mai gudun kilomita 72 a awa yana cin mita 20 ne a daƙiƙa, kuma wanda ya cusa 72 a fomula ya ɓata lissafin tun daga tushe. Idan amsa ta fito, a auna ta da hankali. Dutsen da ya ɗauki daƙiƙa 2 kafin ya taɓa ruwan rijiya ya faɗi kusan mita 20. Wanda ya samu 2,000 ya san akwai gyara. Leƙa amsar bayan littafi kafin a gwada da kai yaudara ce mai daɗi, domin komai kan zama kamar an gane.

Lokaci

A watannin Maris da Afrilu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, shi ya sa lissafi mai nauyi ya fi shiga bayan sallar asuba.

Gwaji a gida

WAEC na da takardar gwaji ta daban, kuma ba dole sai a ɗakin gwaje-gwaje ake shirya mata ba. Sanyin ruwan randa darasi ne: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa, ya tafi da zafi. Ƙarar ƙyas-ƙyas da riga ke yi lokacin hunturu lantarki ne da gogayya ta tara a busasshiyar iska. Ƙaramin dutse a ɗaure da zare mai tsawon mita ɗaya yana zuwa ya dawo cikin kusan daƙiƙa 2. Ana ƙirga lilo 20 da agogon waya a raba lokacin gida 20, don kuskuren danna agogo ya ragu. Sai a canja tsawon zaren sau biyar, a rubuta sakamakon a jadawali, a zana giraf da fensir mai tsini.