Ku Cire Masa Mari, Ku Kawo Shi Asibiti

Ba sai na tambayi tarihin majinyaci mai taɓin hankali ba kafin in gane an ɗaure shi, domin idon sawunsa ne ke fara ba ni labari. A ɗakin shan maganin da nake aiki an sha kawo mana saurayi ko mai jego da baƙin tabo zagaye da ƙafa, wani ma gyambo ne ɗanye, ƙuda na bi. Kwanan baya wata dattijuwa ta zo da ɗanta wanda ya shekara biyu a turu cikin zaure, kuma ko da aka kwance shi ƙafafun sun ƙi miƙewa, sai da ƙannensa suka tallabo shi daga kan babur. Ta ce mini, “Ɗan nan, tsoro muke kada ya shiga duniya.” Na ce mata, “Inna, tsoronki yana kan hanya, amma a shekara biyun nan wane sauƙi marin ya kawo masa?” Shiru ta yi.

Jama'a, mari ba magani ba ne. Na san ba don ƙiyayya kuke ɗaure su ba, don gajiya ce da kunyar maƙwabta, amma abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda za a sayar da akuya a biya kuɗin gidan mari, alhali ba a taɓa gwada kuɗin mota zuwa asibiti ba. Ko mun manta da Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa? Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta hana ɗaure mai taɓin hankali, amma har yau ana yi a bayan ɗaki.

Masu cewa wannan ciwo na malamai ne, ba na asibiti ba, su saurara. Ba mu ce ku bar addu'a ba. Tun a 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya riƙa saukar da majinyata a gidajen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, kowa da ɗan uwansa mai jinya, suna karɓar magani da rana suna kwana cikin mutane. Binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda ya fito a mujallar Lancet a 2020, ya nuna cewa majinyatan da ma'aikatan lafiya suka riƙa dubawa a wurin masu maganin gargajiya da masu addu'a sun fi waɗanda ba a yi musu haka ba samun sauƙi bayan wata shida.

Gaskiya ne likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kawai a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, kuma yawancinsu a birane suke, shi ya sa mutumin karkara ya fi kowa shan wahala. Domin cike wannan giɓi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin mhGAP a 2008, wanda da shi ake horar da irinmu mu gane ciwon, mu fara magani, mu tura wanda ya fi ƙarfinmu zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, Barnawa, Kware ko Maiduguri.

Saboda haka, idan mutum ya daina barci kwana da kwanaki, ko yana magana shi kaɗai, ko mai jego ta ƙi jaririnta, ku kawo shi tun a makon farko. Idan yana faɗa, ku kawar da wuƙa da ashana, mutum ɗaya da yake jin maganarsa ya lallashe shi, a kore 'yan kallo. Kada a doke shi, kada a hana shi abinci. Kada a tsayar da magani don an ga sauƙi. Wanda kuma yake ɗaure yanzu, ku zo ku sanar da mu, za mu biyo ku gida a kwance shi a gabanmu.