Ɗanyen Nama da Lafiyar Kare: Abin da Muke Gani a Mayanka

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya je mayanka ya san karnukan da ke zagaye bayan katanga tun kafin gari ya waye. Ba sa haushi, ba sa faɗa da kowa, jira kawai suke yi. Da mahauci ya buɗe cikin tunkiya ya ga hanta ta lalace, sai ya yanke wurin ya wurga musu. A ganinsa ya yi abin kirki, ya raba mutane da mugun nama, ya kuma ciyar da dabba mai jin yunwa. Shekaru ina aikin duba nama da kula da lafiyar dabbobi, kuma babu abin da ke sa gabana faɗuwa kamar wannan jifar.

Abin da ya sa na ɗauko maganar yanzu shi ne yayin da ya shigo na ciyar da kare ɗanyen nama zalla. Matasa masu kiwon karnukan Turai don gadi suna kallon bidiyo a waya, suna ganin Bature ya jera wa karensa tsoka da hanta da wuyan kaza da ƙwai a kwano, sai su zo suna tambayata yadda za su yi irinsa. Wannan tsari ya bazu ne tun farkon shekarun 1990, bayan wani likitan dabbobi ɗan Ostareliya mai suna Ian Billinghurst ya yi ta kiran a koma ba kare irin abin da kakanninsa na daji ke ci. Masu bin sa suna da lissafi. Mafi shahara shi ne kashi 80 cikin 100 tsoka, kashi 10 ƙashi mai laushi, kashi 10 kayan ciki, rabinsa hanta. Babban kare kuma a ba shi abin da ya kai kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyin jikinsa a rana, wato kare mai kilo 20 zai ci giram 400 zuwa 600.

Akwai gaskiya a cikin maganarsu, ba zan ɓoye ba. Kare yana buƙatar nama, kuma yawancin karnukanmu ba sa samun rabin abin da ya kamace su. Karen da aka bari da ƙanzo da ruwan wanke-wanke za ka gan shi haƙarƙari a waje, gashi na zubewa, ido ya faɗa. Haka kuma masu wannan lissafi sun gane cewa tsoka ita kaɗai ba abinci ba ce. Nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure, domin bidiyon suke gani, lissafin kuwa ba su ji shi ba.

Kwanakin baya wani saurayi ya kawo mini kwikwiyo ɗan wata huɗu a cikin kwali, irin manyan karnukan nan na Jamus. Ya ce, "Likita, wallahi ban taɓa ba shi tuwo ba, jan nama nake saya masa kullum, amma ga shi ya ƙi tafiya." Na ciro shi na tsayar a kan tebur. Ƙafafun gaba sun lanƙwashe kamar baka, gwiwar hannu ta kusa taɓa ƙasa, ina ɗan matsa ƙugunsa ya saki ƙara. Na ce masa, "Ƙanena, ba rowa ka yi masa ba, gatan ne ya yi yawa ta gefe ɗaya." Jan nama cike yake da sinadarin fosfaras, kalsiyam ɗin cikinsa kuwa bai taka kara ya karya ba. Jikin kare yana son waɗannan biyu su zo kusan daidai, kalsiyam ya ɗan ɗara. Idan bai samu a abinci ba, jiki zai shiga kwasar kalsiyam daga ƙasusuwa don ya riƙe jini da bugun zuciya. Kwikwiyon da ke cikin girma sai ƙashinsa ya zama kamar karan dawa, ya lanƙwashe ko ya karye daga ɗan tsalle. Mun gyara abincin, mun hana shi guje-guje na wasu makonni, ya miƙe, amma ƙafa ɗaya ba ta koma daidai ba har yau.

Hanta ma haka take. Kaɗan magani ce, da yawa cuta ce, saboda bitamin A da ke cikinta yana taruwa a jiki ba ya fita, har ya sandarar da gaɓoɓi. Shi ya sa ake cewa kada ta wuce kashi ɗaya cikin 20 na abincin.

To, a ce mutum ya kiyaye duk wannan lissafi. Saura maganar ɗanyantaka, kuma a nan nake rabuwa da masu bidiyo. Ko a Amurka, inda nama ke fitowa daga firji ya shiga firji, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta gwada samfuri 196 na ɗanyen abincin karnuka da kyanwoyi tsakanin 2010 da 2012, ta samu ƙwayar cutar salmonela a 15, ta listeriya a 32. Ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasar ta fito a 2012 ta ce ba ta goyon bayan ba su ɗanyen nama. Mu kuwa namanmu a kan tebur yake kwana rabin yini cikin zafin Afrilu, ƙuda na sauka suna tashi, wutar da za a kunna firji ba ta da tabbas. Sanyin firji ma ba ya kashe waɗannan ƙwayoyi, rage musu saurin hayayyafa kawai yake yi. Kare zai iya ci ya kwana lafiya, amma yana fitar da su a kashinsa, suna maƙale a bakinsa da kwanonsa, yaro mai rarrafe ya bi ta wurin ya kwasa, a wayi gari da gudawa da zazzaɓi ba a san daga ina ba.

Wannan duk ƙarami ne idan aka kwatanta da abin da ke cikin hantar da mahauci ya jefar. Idan ka duba ta da kyau za ka ga wasu ƙululu farare, wani kamar ƙwallon goriba, wani kamar ƙwan kaza, cike da ruwa garai-garai. A huhu ma ana samunsu. Muna ganinsu a tumaki da awaki da shanu, amma a raƙuma suka fi yawa, duk wanda ya yi aiki a mayankar Kano ko Sakkwato ko Maiduguri zai shaida. Ruwan nan ba ruwa ba ne kawai, dubban kawunan wata tsutsa ne ke iyo a ciki. Da kare ya haɗiye, kowane kai sai ya kama bangon hanjinsa ya zama tsutsa, ƙarama ce ƙwarai, tsawonta bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Cikin kamar mako shida zuwa bakwai sun fara zuba ƙwai. Karen ba zai nuna alamar komai ba, yana cin abincinsa yana kaɗa wutsiya, alhali kullum yana watsa ƙwan da ido ba ya gani a tsakar gida, a bakin rijiya, a fadamar da ake noman latas da kabeji.

Tunkiya ta ci ciyawar wurin, ƙululun ya fito mata a hanta, zagaye ya koma farko. Mutum ma ta haka yake kamuwa. Ba cin naman mai ƙululu ne ke sa masa cutar ba, ƙwan da ya fito daga kare ne, ta hannun da ya shafa gashinsa aka ci abinci ba a wanke ba, ko ta ruwa da ganyen da suka gurɓata. Cutar sunanta haidatid. Jakar ruwan tana girma a hantar mutum ko huhunsa a hankali, shekara biyar, shekara goma, ba ciwo, sai ranar da ciki ya kumbura ko tari ya ƙi jin magani. A lokacin sai dai tiyata ko shan magani na watanni, idan kuma ta fashe a ciki tana iya kisa nan take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci sama da mutum miliyan 1 na ɗauke da ita. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yaran da suka fi wasa da kare su ne suka fi shiga haɗari, kuma ba za a gane ba sai sun girma.

Akwai 'yar'uwarta da makiyaya suka sani sarai ko da ba su san tushenta ba. Tunkiya ta kama juwa, tana zagaye wuri ɗaya, kai a karkace, a yanka a tarar da jakar ruwa a ƙwaƙwalwa. Sai a jefa wa karen garke kan. Shi ke nan an shuka ta baɗi.

Ƙasar New Zealand, mai tumaki fiye da mutane, ta sha fama da haidatid. Abin da ta yi ba wani abin mamaki ba ne: ta hana ba kare ɗanyen kayan ciki da doka, sai an tafasa na minti 30, ta kuma dage da ba karnuka maganin tsutsa. A 2002 ta bayyana cewa ta rabu da cutar. Tukunya da wuta da ƙwayar magani, duk muna da su.

Sai mushe. Wani dattijo mafarauci ya taɓa ce mini, "Yaro, mushe ai rabon kare ne, tun kakanninmu haka muka tarar." Na ce, "Baba, gaskiya ne haramcin cin mushe a kanmu yake, amma cutar da ta kashe dabbar ba ta san wannan ba." Saniyar da ta faɗi farat ɗaya, ta kumbura, baƙin jini mara daskarewa na fita ta hanci da baki da dubura, kada a feɗe ta, kada kare ya kusance ta. Alamar ciwon saifa ke nan, wanda aka tabbatar da ɓullarsa a wata gona kusa da Suleja a Jihar Neja a watan Yulin 2023. Ƙwayarsa tana zama a ƙasa shekaru da dama, karen da ya ja ƙashi zuwa gida ya kawo ta ƙofar ɗaki. Ɗan da saniya ko akuya ta yi ɓarinsa da mabiyiyarsa su ma a binne su da zurfi, domin ta nan bakkale, cutar da ke sa dabbobi ɓari, ke yaɗuwa. Haka matattun kajin gona da ake sayar wa masu karnuka da araha. Tun da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006 take dawowa lokaci zuwa lokaci, kuma kare da kyanwa suna iya kamuwa idan suka ci ɗanye.

Me za a ba shi ke nan? Kare ba kerkeci ba ne. Dubban shekarun da ya yi tare da ɗan Adam sun sauya cikinsa, masana a Suwidin sun nuna a 2013 cewa yana da ƙwayoyin halittar narkar da sitaci fiye da kerkeci nesa ba kusa ba. Don haka tuwon masara ko na dawa ko shinkafa ba laifi ba ne, laifin a bar shi da su kaɗai. Abin da nake gaya wa masu zuwa wurina shi ne su raba kwano a ido: kusan rabi tuwo ko shinkafa ko dankali, fiye da sulusi nama ko kifi ko ƙwai, ragowar kabewa ko karas ko ɗan ganyen zogale da aka dafa, da ɗan cokalin mai. Ba sai jan nama mai tsada ba. Tumbi, zuciya, huhu mai kyau, naman kai, guntattakin da mahauta ke tarawa, duk suna yi, a dai tafasa su sosai har cikin ya daina ja, romon ma a zuba masa a kan tuwon. Dahuwa ba ta rage wa nama amfanin da zai dami kare. Ƙwai ma a dafa, domin ɗanyen farinsa idan ya yawaita yana hana jiki amfana da wani bitamin da fata da gashi ke buƙata.

Kalsiyam kuwa yana nan a abin da muke zubarwa kullum. A tara ɓawon ƙwai wurin mai shayi, a tafasa, a shanya ya bushe, a daka a turmi ya yi laushi kamar gari. Rabin ƙaramin cokali ya ishi rabin kilo na nama. Kada a ce tun da yana da amfani bari a zuba da yawa, musamman ga kwikwiyon manyan karnuka, domin yawansa ma yana ɓata gaɓoɓi. Mai irin wannan kwikwiyo ya je a auna masa a asibitin dabbobi. Kwikwiyo yana cin abinci sau uku zuwa huɗu a rana, karya mai shayarwa tana buƙatar ninki biyu ko fiye na abin da ta saba ci, karen farauta kuma a ƙara masa kitse tun kafin lokacin fita daji, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙashi a yi hattara da shi. Dafaffe, musamman na kaza, tsagewa yake yi kamar tsinke ya huda hanji, ƙashin ƙafar saniya kuma yana fasa haƙori. Ragowar miya ma ba kowacce ba. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, sai ka ga dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja. Goro da cakulan da inabi duk guba ne a gare shi. A ɗebar masa nasa kafin a zuba kayan miya. Ruwa mai tsabta kuma kada ya yanke a inuwa, mun san hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Wanda karensa ya riga ya saba cin ɗanyen kayan ciki, ko yake yawo ya ci abin da ya samu, ya nemi maganin tsutsa mai suna farazikwantel wurin ma'aikacin dabbobi, a ba shi gwargwadon nauyinsa, aƙalla sau huɗu a shekara. Ba kowane maganin tsutsa ne ke kashe wannan irin ba, a karanta sunan a jikin kwalin. Bayan an ba shi a ɗaure shi kwana biyu zuwa uku, a kwashe kashin da shebur a binne ko a ƙone, saboda maganin tsutsar yake kashewa, ƙwan na nan da ransa. A haɗa da allurar haukan kare ta shekara a tafiya ɗaya.

'Yan'uwana mahauta, da masu feɗe ragon layya ko na suna a gida, roƙona gare ku ne ya fi yawa. Hantar da kuka ga ƙululu a jikinta, ko huhu, ko kan tunkiya mai juwa, kada ku fasa jakar, kada ku jefa bayan katanga ko kan bola. A haƙa rami mai zurfin da kare ba zai tone ba, ko a jefa a wuta. Idan akwai ma'aikacin duba nama a kusa, a kira shi ya gani, domin ta haka muke sanin garken da cutar ta fito da kuma karnukan da za mu bi da magani.